Daga Legas zuwa Yankari: yaushe ake ganin giwa?

Yawancin 'yan Arewa mazauna Legas, na Agege ne ko na Idi-Araba, sai hutun ƙarshen shekara suke samun sararin leƙa Yankari, daga baya su dawo suna ƙorafin ba su ga komai ba sai birai. Lokacin ne bai dace ba. A Disamba ciyawa ba ta gama kwantawa ba, kuma akwai sauran ruwa nan da can cikin daji, don haka dabbobi a warwatse suke. Mai son ganin giwa ya bari sai Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙishirwa ke koro ɓauna da gwanki da giwaye bakin kogin Gaji. Zafi kam za a sha shi.

Ko ta jirgi ko ta mota, Bauchi ce zango. Daga nan a kama hanyar Gombe, a sha kwana a Dindima, a miƙe har ƙofar Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Kada a ɗauka an iso, domin daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji. A cika tanki tun a Bauchi, a riƙe tsabar kuɗi, wanda ya saba da taransifa a Legas zai iya tsayawa cirko-cirko in sabis ya ɗauke.

Zagayen daji da sassafe ake fita, ko bayan la'asar. Da tsakar rana dabbobi na inuwa, asarar mai ce kawai. Ba a shiga sai da jagora, kuma ba a sauka daga mota sai ya ce. Gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244, ba gidan zu ba ne, ana iya zagayawa sau biyu kafin a dace. In an yi kiciɓis da giwa mai ɗa, a yi shiru, a bar mata hanya. A guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu, su ke jawo tsando, cizonsa kuwa har ta cikin riga.

Gwaggon birin sansanin Wikki ba ya tsoron mutum ko kaɗan. Ya san leda, ya san kular abinci, ƙofar da ba a sa wa makulli ba kuwa murɗawa yake yi ya shige. Kada a bar yaro ya fito da biskit a hannu, kada kuma a ba su abinci don a ɗauki hoto, abin da ya lalata su ke nan.

Ruwan Wikki, maɓulɓular da ake wanka a cikinta kusa da sansanin, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa. Iyali masu son sakewa su je tsakiyar mako, ranakun Sallah da Kirsimeti cinkoso ne, ɗaki ma sai wanda ya kama tun da wuri.