Asabar ɗin da kwamfutar Kawu ta cinye min

Yau kam tun asuba ban koma barci ba saboda kwamfutar nan da Kawu ya aiko da ita jiya da daddare a keke napep. Ofishinsu ne suka yi gwanjon tsofaffin kaya, ya ɗauko ɗaya wai a ba Auta ta riƙa koyon JAMB, tunda dai tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, yarinyar nan kuwa wlh ko mawus ba ta taɓa riƙewa ba, latsa waya kawai ta iya.

Dell OptiPlex 7010 ce, baƙa, da sitikar Windows 7 a jikinta da lambar ofis da aka rubuta da farin fenti. Ina buɗe murfin sai da na ja baya, ƙura kamar daga rami aka tono ta, fankar ta yi gemu, har da gidan zanzaro a lungu ɗaya. Umma ta ce maza in fitar mata da ita tsakar gida kafin in cika mata ɗaki da tari. Da burushin fenti na bi ta a hankali.

Na jona, ta tashi, amma kwanan watan ya rikice, ga wani saƙo wai in danna F1. Wannan na sani, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. Matsalar tana gaba, ta ce in danna Ctrl Alt Del sannan ta nemi kalmar sirri ta ofis. Na kira Kawu, na ce Kawu ina kwana, kun san lambar buɗe ta? Ya ce kai ni ina zan sani, ai ba ta teburina ba ce, ta wani ce da ya yi ritaya tuntuni.

Sai na rungume ta muka yi kasuwar Wunti wajen mai gyaran da nake kai wa waya. Shi ko kallon kalmar sirrin bai yi ba, ya zare had dis ɗin, wato ma'ajiyar bayananta, ya jona a laftof ɗinsa wai zai duba lafiyarsa, kawai sai ga komai a buɗe. Takardun albashi, hotunan fasfo, katin shaidar ma'aikata da aka yi sikanin, lambobin asusun banki jere reras, har hotunan sunan jaririn wani. Ya kalle ni yana dariya ya ce Malam ka gani ko, kwaɗo ne aka rataya a ƙofar zana.

Zan faɗi gaskiya tunda kundina ne, na buɗe takarda ɗaya. Wani bawan Allah ne yake neman hutun sati biyu zai kai matarsa asibiti Kano, na karanta layi uku kafin kunya ta kama ni in ce ya rufe. Mutumin nan bai san ni ba, ban san shi ba, ga ni tsaye a kasuwa ina karanta ciwon matarsa ana ta wucewa da rake a baro.

Mai gyara ya ce a yi fomat kawai a wuce wajen. Na ce a'a, shi ma ai ya sani fomat na sauri sunayen fayil kawai yake sharewa, kayan suna nan kwance, duk mai manhajar dawo da su zai kwaso abinsa. Na sake kiran Kawu, ya yi shiru jim sannan ya ce innalillahi, kar ka goge kar ka ba kowa, ka riƙe min shi zuwa Litinin. To shi kenan kuɗin takalmina ya tafi, na sayi wata ma'ajiyar mai sauri a madadinsa, SSD mai 128GB na hannu, aka ƙara ram ya koma 8GB daga 4, aka sa sabon batiri.

Mun ɗan yi musu kan Windows. Furosesarta Core i5 ce zubi na uku, shi kuwa Windows 11 sai zubi na takwas zuwa sama da wani ɗan guntun tsaro wai TPM 2.0 yake so, shi kuma 10 ɗin tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina masa sabuntawar kyauta ta yau da kullum. Ya ce zai iya cusa mata 11 ta bayan gida, na ce bar ta da 10, manhajar gwajin JAMB ba ta buƙatar intanet, kuma ba wanda zai shiga banki da ita.

Da na dawo gida wani sabon salo, ba ta da HDMI sai VGA da DisplayPort, talabijin ɗinmu kuma ba ya cin ko ɗaya, dole na aro tsohon monita wajen maƙwabci. Wayifai ma babu, da kebul na jona wayata. Amma fa tashi take kamar walƙiya yanzu.

Auta ta zauna bayan la'asar, ta ɗaga mawus sama tana kaɗa shi a iska kamar rimot, Umma na dariya har da hawaye. Ta amsa tambaya 12 aka ɗauke wuta.

Had dis ɗin yana cikin baƙar leda a aljihun rigata ta Juma'a. Ko matar nan ta warke, Allah masani.