Maganaɗisu a cikin kayan aikin mai gyaran gida

Idan ana lissafa kayan aikin da ya kamata magidanci ya tanada don gyare-gyaren gida, akan ambaci guduma da zarto da sukudireba, amma ba kasafai ake tunawa da maganaɗisu ba, alhali kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, domin kowace tsohuwar lasifika tana ɗauke da shi a bayanta. 'Yan gwangwan sun daɗe da gane amfaninsa, shi ya sa za ka ga sun ɗaure shi da igiya suna ja a ƙasa.

A ganina, babban aikinsa yana farawa ne tun a kasuwa, kafin kaya su iso gida. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama jan ƙarfe ko tagulla ko alminiyom, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya tona asirin kayan da aka yi wa shafe. Wanda ya shiga kasuwar kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa a Kano da ɗan maganaɗisu a aljihu zai iya ɗora shi a kan kwaɗo ko hinjin ƙofa mai launin tagulla. Idan ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka rina, kuma damina ɗaya ko biyu za ta fito da tsatsarsa. Haka ma rufi: kwano mai fenti da alminiyom mai fenti suna kama da juna a ido, kuɗinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Inda na fi damuwa shi ne wayar lantarki, saboda ita ce ake binnewa a bango a manta da ita. Akwai wayar da cikinta baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, wannan maganaɗisu zai kama ta nan take. Sai dai akwai wadda cikinta alminiyom ne, ita kuwa ba za ta manne ba, don haka dole a kankare bakinta da wuƙa a duba ko farin ƙarfe zai bayyana. Alminiyom yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka, saboda haka irin wannan waya takan yi zafi idan aka ɗora mata hita ko dutsen guga. Ƙarfen da ba ya tsatsa ma, wanda ake rarrabe nau'o'insa da lamba, sai an yi hattara: mai lamba 304 yawanci ba ya mannewa, mai lamba 430 yana mannewa, amma mai lamba 201 shi ma ba ya mannewa duk da cewa ya fi 304 saurin tsatsa. Mannewa hujja ce mai ƙarfi, rashin mannewa kuwa bai isa shaida shi kaɗai ba.

Bayan kafintoci sun sauke tsohon rufi, tsakar gida takan cika da ƙusoshi, kuma yara ne masu yawo ba takalmi. A saka maganaɗisun lasifika a cikin leda mai kauri, a ɗaure a sanda, a bi da shi ko'ina har gindin bango. Idan ya cika, sai a zare shi daga ledar a kan bokiti, ƙusoshin su zube da kansu. Goga maganaɗisu a jikin sukudireba ta fuska ɗaya sau da yawa yana sa bakinta ya riƙe noti a lungun da yatsa ba ya shiga, kuma da shi ake gano inda ƙusa take a bayan silin da aka yi wa fenti, wato inda katako ya bi.

Maganaɗisu mafi ƙarfi shi ne wanda ake yi da wani irin ƙarfe mai suna neodymium, wanda kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka fito da shi a farkon shekarun 1980, kuma ana samunsa a cikin tsohuwar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta. Zafi ne maƙiyinsa, domin nau'in da aka saba sayarwa yakan fara rasa ƙarfi idan ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, don haka mai walda da ya riƙe ƙarfe biyu da shi ya cire shi da zarar ya ɗiga waldar farko.

Ƙananansa kuwa kada a bar su inda yara suke. Yaron da ya haɗiye guda biyu yana cikin haɗari, saboda za su iya jan juna ta jikin hanji su huda shi, kuma wannan na buƙatar a kai shi asibiti nan da nan ko da bai nuna alamar ciwo ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya shi ma kada ya sa shi a aljihun ƙirji.