Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Daga Buhun Fulawa Zuwa Makarantar Lahadi

A makon jiya mun tsaya ne a inda Baba ya haƙura ya damƙa ni hannun wani mai zanen allunan shago kusa da kasuwar Kejetia a birnin Kumasi.

Ƙarshen shekarun 1980 ke nan, bidiyo ya shigo Ghana da ƙarfinsa. Masu gidan kallo sukan ɗauki talabijin da na'urar kaset da janareto su yi ta zaga unguwanni da ƙauyuka, ga shi ba su da bugaggen hoton talla. Mu ke yi musu. A sayo buhun fulawa wajen masu burodi, a farke, a wanke, a ɗinke biyu wuri guda, a shafe da farin fenti, sannan a hau zane da fentin mai. Buhu ya fi takarda juriya: a naɗe shi, ruwa ya dake shi, gobe a sake ratayewa a wani gari. Galibi ko fim ɗin ba mu gani ba, hoton bayan kaset kawai muke bi. Maigidana ya leƙo ya ce, "Yaro, ƙara damtse, ƙara jini, ai kuɗin ƙofa muke nema musu." A nan na koyi zana fuskar da za ta tsayar da mai sauri.

Mama dai ba ta taɓa son aikin ba. Ita ta kai ƙarata wajen fastonmu, shi kuwa maimakon faɗa sai ya ba ni aiki. Hotunan makarantar Lahadi duk daga Turai suke zuwa, kowa fari sol, har makiyayan. Ya ce in zana wa yaranmu nasu.

Gidan haya muke a unguwar Aboabo, mu kaɗai ne Kirista a tsakar gidan, kuma Hausa muke yi da kowa. Wata rana bayan la'asar ina tsugune ina zana Musa riƙe da sandarsa, Malam mai makarantar allo ya tsaya a kaina.

"Ɗana, wa ke nan?"

"Annabi Musa ne, Malam."

Ya jima shiru. "Hannunka na da kyau. Amma Musa namu ne mu ma, kuma mu ba mu yi wa annabawa fuska. Yarana da naku tare suke wasa."

Bai ce in daina ba, ni ma ban yi musu ba. Har yau ina ganin da hujja ya kawo mini, da na ja da shi; haƙƙin maƙwabtaka ya kawo. Sai na koma kan misalan da ke cikin Luka sura 10 da 15, inda mutanen ba su da suna. Basamariyen nan da ya taimaki wanda 'yan fashi suka jikkata ya fito da fuskar mai dakon kaya na Kejetia. Ɗan da ya ɓace kuwa na zana shi yana dawowa a rame, da jakar nan mai gida-gida da ake kira Ghana Must Go a ka. Ba yaron da ya nemi bayani, don kusan kowane gida na da wanda aka koro daga Najeriya a 1983. Almajiran Malam ma suka riƙa leƙowa suna musu a kan ko wan waye na zana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu: kundin tsarin mulkin 1992, ɓarkewar jaridu masu zaman kansu, da zanena na farko da ya sa wani edita ya ce in daina sa sunana a ƙasa.