Doka ta 9: Abin da Ba a Faɗa wa Baƙi a Tombstone

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan kaboyi yana da hoton yammacin Amurka a kansa: gari mai ƙura, kowa da bindiga a ƙugu, gardama kaɗan sai harbi. Da nake haɗa takardar makaranta a kan tsofaffin dokokin bindiga na ƙananan garuruwan can, sai na tashi daga Tucson na nufi Tombstone, a jihar Arizona, don in ga wurin da idona.

Na biya kuɗi aka zagaya da mu, aka yi mana wasan harbe-harbe da harsashin ƙarya, hayaƙi ya tashi, jama'a suka tafa. Na tambayi mai zagayawa da mu batun Doka ta 9, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba ita mutane suka zo ji ba. Wallahi har yau maganar nan tana ci min rai, domin ita ce ƙashin bayan labarin gaba ɗaya.

A watan Afrilun 1881 majalisar garin ta kafa wannan doka, wadda ta hana kowa yawo da makami a cikin gari sai da izini a rubuce. Baƙo in ya shigo, ya miƙa bindigarsa a otal ko wajen ajiye dawakai, ya karɓa in zai fita. Ba Tombstone kaɗai ba ce. A Dodge City ta Kansas akwai tsohon hoto da ke nuna allo a tsakiyar titi an rubuta cewa an haramta ɗaukar bindiga. 'Yan kasuwa ne suka matsa, don gari mai yawan zubar da jini ba ya jawo jari.

To faɗan nan da ya yi suna na O.K. Corral, wani garken dawakai a Tombstone, ranar 26 ga Oktoba 1881, a kan aiwatar da wannan doka aka yi shi. A ranar, kafin faɗan, Virgil Earp, shugaban 'yan sandan garin, ya kama wani kaboyi, Ike Clanton, da makami, alƙali ya ci shi tarar dala 25. Da rana Virgil ya ɗebi 'yan'uwansa Wyatt da Morgan, da abokinsu Doc Holliday, suka je karɓar bindigogin sauran mutanen Ike. Cikin kamar daƙiƙa 30 aka harbe Billy Clanton da Tom da Frank McLaury, duka ukun suka kwanta dama. Ba ma a cikin garken dawakan aka yi ba, a wani fili ne kusa da shagon hoto na Fly. Duk wannan a ɗakin karatu na tono shi, bayan na ɓata yini guda da kuɗin mai a kan wasan kwaikwayon da ya tsallake dokar kamar ba a taɓa yin ta ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne Tom McLaury. A zaman da alƙali Wells Spicer ya yi kan tuhumar su Earp da kisan, an sami shaidar da ta ce Tom ya ajiye bindigarsa a wata mashaya kafin faɗan. In haka ne, mutum ya bi doka kuma an kashe shi da sunan dokar. Spicer dai ya sallami su Earp, masana kuma har gobe suna ja-in-ja a kai.

Wanda zai yi irin wannan bincike, ya fara da rubutun dokar da bayanan shaidu kafin ya taka garin. Kuma kada ya dogara da jarida ɗaya: Epitaph ta John Clum tana bayan su Earp, Nugget kuma tana ɓangaren abokan gabarsu, don haka sai ka jera su ka karanta tare. In ka isa, ka yi tambayar Doka ta 9 da ƙarfi a gaban sauran baƙi, ko da mai zagayawa zai ɓata rai.