Koyar da Salon Tabbatar da Abu ta Hanyar Kore Kishiyarsa

Cikin nau'o'in adon magana da nake koyarwa, babu wanda ɗalibai suka fi amfani da shi a baki, kuma suka fi kasa gane shi a takarda, kamar wanda masana balaga suke kira litotis, sunan da ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin abu marar ado. Salon shi ne mai magana ya tabbatar da abu ta hanyar kore kishiyarsa, kamar ya ce "ba ƙaramin aiki ba ne" alhali yana nufin aikin babba ne ƙwarai.

Ba na fara darasin da ma'ana. Nakan rubuta jimla biyu a kan allo, "Yaron nan yana da wayo" da "Yaron nan ba wawa ba ne", in tambaye su wacce ta fi shiga rai. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta biyun kamar mai maganar ya san wani abu ne bai faɗa ba." Wannan amsa ta faranta mini rai ba kaɗan ba, domin ita ce zuciyar darasin: kambamar zulaƙe, wato zuzuta abu fiye da yadda yake, tana ɗaga murya, shi kuwa wannan salo yana sassauta ta, ya bar mai karatu ya ƙarasa ma'anar da kansa.

Inda suke yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar kowace korewa a matsayin ado. "Bai zo ba" labari ne kawai, babu abin da aka lulluɓe a ciki. Don mu gane bambancin, sai mu cire korewar mu sa kishiyar kalmar, idan abin da ya fito shi ne ainihin nufin marubuci, to salon ne.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne fuskoki biyu na salon, waɗanda mahallin magana ne kaɗai yake rarrabe su. "Ya sha wahala ba kaɗan ba" tana ƙara wa magana nauyi, amma "ba laifi" tana rage shi, kuma malamin da ya rubuta ta a ƙasan insha'i yana iya nufin yabo cikin kawaici, yana kuma iya nufin akwai sauran gyara. Nakan sa su karanta jimla ɗaya da murya iri biyu har kunnensu ya kama bambancin.

Da suka ƙware, sai wata matsala ta taso. Wani ɗalibi ya kawo mini shafi ɗaya da "ba ƙaramin" ta fito sau biyar a ciki. Na ja layi a ƙarƙashin kowace, na ce ya bar ɗaya tak. Ya yi shiru yana dubawa, sannan ya zaɓi wadda take magana a kan rashin lafiyar mahaifiyarsa, ya mayar da sauran huɗun magana kai tsaye.