Awa ɗaya da ta ci mana kuɗin wata uku

Har yanzu idan na tuna kuɗin nan raina yakan ɓaci, domin ba nawa ba ne, na Alhaji ne, mai kamfanin da nake yi wa aiki, kuma da bakina na ce masa ya fitar.

Ni ke kula da manhajar wani kamfanin dillancin kayan gwari a kasuwar Mile 12 a nan Legas. Motoci suna saukowa da tumatir da tattasai da attarugu daga Kano da Zariya da Katsina, albasa kuma daga Sakkwato da Aliero. Duk kwandon da aka sauke, duk buhun da aka sayar, akawu zai shigar ta waya, ya zama layi guda a rumbun bayananmu na MySQL. An yi shekara huɗu ana tarawa, teburin ciniki ya haura layi miliyan shida. A cikinsa akwai ginshiƙin lokacin_shiga, kuma tun ranar farko na ɗora masa fihirisa, wato jerin da ke sa a gano layi da sauri. Rahoton cinikin rana yakan buɗe kafin ka ɗage yatsa daga kan waya.

A farkon azumin 2024 wani direba ya tayar da rigima. Motarsa ta shigo da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare, Talata ta riga ta shiga, amma takardarmu ta ce ranar Litinin aka sauke kayansa, alhali farashin kwando ya canza tsakanin ranakun biyu. Yana da gaskiya. Uwar garken da muke haya, wato na'urar da ke ɗauke da bayananmu, tana ajiye lokaci da agogon duniya na UTC, mu kuma agogon Najeriya yana gabansa da awa ɗaya. Saboda haka duk motar da ta shigo tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya na dare, jiya ake rubuta mata. A Mile 12 kuwa wannan awar ba ta barci ba ce, lokacin ne motoci ke jeruwa a bakin ƙofa.

Na zauna na gyara cikin minti goma. Tsohon sharaɗin neman yana cewa a kawo abin da ke tsakanin lokaci kaza da lokaci kaza. Na share shi na rubuta wannan:

`WHERE DATE(CONVERT_TZ(lokacin_shiga, '+00:00', '+01:00')) = '2024-03-12'`

Ya yi kyau a ido, ko wanda bai san harkar ba zai karanta ya gane: a mayar da lokaci zuwa na Legas, a cire awa da minti, a gwada da ranar da ake so. Na gwada a kwamfutata, motar direba ta koma Talata, sakamako ya fito nan take. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, layi dubu biyu kacal ke cikin kwamfutata. Na tura gyaran, na rufe, na kwanta da farin ciki.

Washegari da asuba waya ta fara ruri. Rahoto yana cin daƙiƙa arba'in kafin ya buɗe. Akawu kuwa ba ya jira, idan shafi ya tsaya sai ya sake dannawa, ya sake dannawa, kowace dannawa sabon aiki ne ake jibga wa na'ura a kan wanda ba ta gama ba. Mutum takwas suna haka a lokaci guda, har shigar da sabon ciniki ya koma tafiyar hawainiya. Da na isa kasuwa na tarar an koma biro da littafi. Alhaji yana tsaye bakin rumfa da waya a hannu yana kallon da'irar nan da ke juyawa, direbobi uku suna jiran a sallame su, 'yan dako sun jingina da kwanduna, rana ta fara ɗagowa. Tumatir ba ya jiran kowa. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, me ya samu abin naka?"

A nan na yi kuskuren da ya fi na farko. Na ce, "Ranka ya daɗe, kaya ne suka yi wa na'ura yawa, ga azumi ciniki ya ƙaru. Sai mun koma babba." Ko kaɗan ban kawo gyaran jiya a raina ba, domin a ganina layi ɗaya na taɓa, kuma fihirisa tana nan daram. Bai yi musu ba, ya ce nawa ne. Da dala ake biya, a lokacin kuma dala ta haura naira 1,500. Don a samu rangwame na ba da shawarar a biya wata uku gaba ɗaya, irin biyan da ba a mayarwa. Ya biya a ranar.

Daƙiƙa arba'in ta koma ashirin da biyar. Na ce to, mun kama hanya. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar na'urar aikin banzan nan dai take yi, ta ɗan fi sauri ne kawai. Da cunkoson asuba ya dawo, komai ya sake tsayawa.

Kwana tara muna cikin wannan hali. A dare na tara bayan asham na je Agege wurin wani yayanmu a harkar, wanda ke aiki a Yaba, muka zauna wurin mai shayi na buɗe masa kwamfuta. Ko kofinsa bai ajiye ba ya ce, "Ka yi EXPLAIN?" Ban yi ba. Kwana tara, kalma ɗaya da ake sa wa a gaban umarni don MySQL ya nuna yadda zai nemo amsa, ban yi ba. Muka sa. A gurbin type aka rubuta ALL, a gurbin key aka rubuta NULL, wato ba a amfani da fihirisa, ƙiyasin layukan da za a karanta kuma kusan teburin ne gaba ɗaya. Gumi ya karyo mini.

Ya ce, "Ƙanena, fihirisarka lokacin_shiga ta sani. Abin da kake tambaya yanzu ba ta taɓa ganinsa ba."

Na san wannan a karatu, amma sai a daren ya shiga jikina. Fihirisa jeri ce ta ainihin abin da aka ajiye, daga na farko zuwa na ƙarshe, kamar littafin rasit da aka cika bi da bi. Idan ka ce a ba ka daga lokaci kaza zuwa lokaci kaza, sai a buɗe daidai wurin, a karanta, a tsaya inda ya ƙare. Amma da zarar ka naɗe ginshiƙin cikin DATE ko CONVERT_TZ, ka ce ne a ɗauki kowane rasit, a yi masa lissafi, sannan a duba ko amsar ta dace. Sau miliyan shida, don a fitar da layi dubu huɗu na rana ɗaya. Cinikin shekara huɗu ake karantawa duk lokacin da akawu ya danna.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Aka bar ginshiƙi yadda yake, aka mayar da lissafin kan ranar da ake nema. Talatar Legas a agogon UTC tana farawa ne ƙarfe 11 na daren Litinin:

`WHERE lokacin_shiga >= '2024-03-11 23:00:00' AND lokacin_shiga < '2024-03-12 23:00:00'`

Manhaja ce ke lissafa iyakokin nan biyu, sau ɗaya tak, kafin ta aika. Mun ma yi sa'a Najeriya ba ta canza agogo da rani ko damina, awa ɗayan nan ce kullum. EXPLAIN ya nuna range, sunan fihirisa ya bayyana, rahoto ya buɗe ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Motar direba tana nan a Talatarta.

Na so in rubuta BETWEEN har zuwa 22:59:59, ya hana ni. Ginshiƙinmu yana ajiye ɓurɓushin daƙiƙa, don haka cinikin da ya faɗo a rabin daƙiƙar ƙarshe zai ɓace daga rahoton yau, kuma ba zai fito a na gobe ba. Idan kuma ka kai BETWEEN har 23:00:00 cif, wanda ya faɗo daidai kan iyaka zai fito sau biyu. A harkar la'ada ko ɗaya daga cikin biyun rigima ce.

Daga baya na gano inda ɗabi'ar ta samo asali. Aikina na baya a Kano da SQL Server muka yi, shi kuwa idan ka yi CAST na ginshiƙin lokaci zuwa date yana da dabarar da zai ci gaba da amfani da fihirisa. Alfarma ce ta wannan juyin kawai, ko a can idan ka juya lokaci zuwa rubutu ka rasa ta. Ni kuma na ɗauko ta na kawo MySQL kamar doka ce ta ko'ina. Na san tun daga MySQL 8.0.13 ana iya gina fihirisa a kan lissafi, kuma na yi tunanin bin wannan hanyar. Na fasa, domin sai abin da ka rubuta a sharaɗi ya zo daidai da wanda aka gina fihirisar a kai kafin ta yi aiki, ga cin wuri, ga ƙarin nauyi duk lokacin da ake shigar da ciniki, alhali wadda nake da ita ta isa.

A satin na bi manhajar kaf ina farauta. Na samu YEAR da MONTH a sharaɗin rahoton wata, wanda dama kowa ya saba da jinkirinsa har an daina ƙorafi. Na samu wani wuri da aka rubuta LIKE '2024-03%' a kan ginshiƙin lokaci, wanda shi ma juyawa ne zuwa rubutu a ɓoye. Duk na mayar da su iyaka biyu. DATE_FORMAT da ke cikin SELECT kuwa na bar shi, domin layukan da aka riga aka tace kawai yake taɓawa. Yanzu kwamfutata tana ɗauke da teburin gwaji mai layi miliyan biyar, kuma ba na tura komai sai na ga abin da EXPLAIN ya ce.

Abin da ya fi mini wuya shi ne komawa wurin Alhaji. Na same shi bayan la'asar yana lissafi da yaransa, na jira suka tashi, na ce, "Ranka ya daɗe, na'urar nan da na sa ka saya ba ma buƙatarta. Laifina ne, layi ɗaya na rubuta ba daidai ba." Ya yi shiru, ya tambaya ko za a iya karɓo kuɗin. Na ce ba za a iya ba. Na ce a riƙa cira daga albashina, ya ce a'a, Allah Ya kiyaye gaba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ranar da wata ukun suka cika, tun kafin sallar asuba na mayar da mu kan ƙaramar na'urarmu ta da, na tsaya bakin rumfa har akawu na takwas ya buɗe rahotonsa.