Godiya bayan wata tara a bencin baya

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Lahadin da ta wuce dattawan ikilisiyarmu suka ɗage mini horo, na ci Jibin Ubangiji karo na farko cikin wata tara. Tun ranar wayata ba ta huta ba, wasu kuma sun tako har gida. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan. Laifin ma ai a gaban jama'a aka karanta shi, bai kamata godiyar ta tsaya a ɗaki ba.

Ga wanda bai ji ba, ni ne ma'ajin kwamitin gini. Kuɗin rufin majami'a a hannuna suke, baikon manoma bayan kaka da abin da iyayenmu mata suka tara daga ƙosai da daddawa. A ƙarshen 2024, ganin yadda masara ta yi tashin gwauron zabo a shekarar, sai na ce a raina kuɗi na kwance a banza, bari in sayi buhuna a kasuwar Dandume in ajiye, in damina ta matso in sayar, uwar kuɗi ta koma, riba ta zama tawa. Ko maman yara ban gaya wa ba. Da 2025 ta shigo farashi ya karye, duk mai harkar hatsi ya san yadda aka kwashe, ƙwari kuma suka shiga wasu buhunan. Ran da kwamiti ya ce a kawo kuɗi a sayi kwano, abin da ke hannuna bai kai rabi ba. A lokacin aro nake kiransa. Sata ce.

Baba Fasto, da kai zan fara. Na zo gidanka da dare riƙe da takarda, na tsara yadda zan sayar da babur in jinginar da gona in biya. Ka karanta, ka ninke, ka ajiye a kan tebur, sannan ka ce, "Ɗana, da masarar nan ta yi riba, da ka zo?" Har yau ina jin nauyin shirun da ya biyo baya. Da ban zo ba. Da na mayar da kuɗin a ɓoye, na ci gaba da tsayawa gaban ikilisiya ina karanta rahoto, ana ce mini amintacce. Ashe tonon asiri ne ya kawo ni, ni kuwa ina ce masa tuba.

A daren nan ka buɗe mana Matiyu 27. Ban taɓa lura ba sai ranar, cewa Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu saboda azurfa talatin, ya yi kusan duk abin da na zo yi. Ya ji zafi a zuciya, ya furta da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya mayar da azurfa talatin ɗin. Amma wurin manyan firistoci ya kai damuwarsa, suka ce masa ina ruwansu, ya fita ya rataye kansa. Bitrus kuwa sau uku ya yi musun Ubangijinsa, ya yi kuka mai zafi, kuma da aka ce masa Ubangiji ne tsaye a bakin Tekun Tibariya, bai jira jirgi ya kai gaɓa ba, ya faɗa ruwa ya nufe shi. Ka ce Bulus ya raba su biyu a 2 Korantiyawa 7:10: akwai baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba har zuwa ceto, akwai na duniya wanda mutuwa yake haifarwa. Ka kuma gaya mini kalmar da aka rubuta da Helenanci, metanoya, tana nufin sauyin tunani, ta Ibrananci kuma, shub, juyowa ce. Misalin da ka ba ni shi ne na mai niyyar Katsina da ya shiga motar Zariya: ko ya cika motar da hawaye, Zariya za ta kai shi, sai in ya sauka ya tsallaka titi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko daɗewa. Da na fara biya, sai na buɗe wa Allah littafin bashi a zuciyata. Duk wata in na kai wa sabon ma'aji abin da na samu, ina jin kamar na rage wani abu a sama ma. Watan da ban samu ba, ko addu'a ba na iya yi, don a ganina ban da fuskar tsayawa gabansa. Wanda ya warware mini wannan ƙulli shi ne dattijon da aka ba shi ya riƙa ziyartata kowace Laraba. Baba, ka sa na karanta labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka 19 da ƙarfi, ka ce in lura da abin da ya riga wani. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira shi daga kan itace, ya ce yau a gidansa zai sauka, alhali bai mayar wa kowa ko anini ba. Sai bayan Baƙon ya karɓe shi Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ka tuna mini ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, hannuwansa a kafe, ba abin da zai iya mayarwa, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Afisawa 2:8-9 na haddace tun ina makarantar Lahadi, cewa ta alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, sai ga shi ina da furfura ban gane ba.

Na tambaye ka, to in haka ne, me ya sa zan ci gaba da biya? Ka yi dariya ka ce ai Yahaya Mai Baftisma bai sallami masu karɓar haraji da hawaye kawai ba, ya ce su ba da 'ya'yan da suka dace da tuba, kada su ƙara ko kaɗan a kan abin da aka yanka. Mangwaro ba ya zama mangwaro don ya yi 'ya'ya, amma in shekara ta bi shekara bai yi ba, mai gona zai fara tambaya. Abin da na riƙe ke nan: jinin Almasihu ya biya abin da ke tsakanina da Allah, kuɗin kwano kuwa na ikilisiya ne, kuma mutumin da ya juyo ba ya tafe da kayan mutane a aljihu. A Markus 1:15 tuba da ba da gaskiya ga bishara tare aka kira su, kuma Romawa 2:4 ta ce alherin Allah ne ma yake jawo mutum ga tuba. Ko juyowar ba ni da abin yin taƙama da ita.

Maman yara, ke kika sha kunyar da ban sa ki ciki ba. Kin ci gaba da zuwa Zumuntar Mata ana kallonki, ba ki fasa ko sau ɗaya ba, ba ki kuma rufa mini da ƙarya ba. Na gode. Yayana, ka karɓi jinginar gona ka bar ni ina nomanta, Allah ya sāka. Kaka, wadda kuɗin daddawarki na cikin abin da na taɓa, kin bar wurin zamanki na gaba kika dawo bencin baya kusa da ni, kika ce ƙafarki ce ke ciwo. Na san ƙafarki lafiya lau take. Dattawa, kun yi mini yadda Galatiyawa 6:1 ta ce, da tawali'u, ba ku sassauta ba kuma ba ku wulaƙanta ni ba. Alhaji maƙwabcina, kai ka ba ni sito kyauta na kwashe ragowar masarar, ba ka taɓa tayar mini da maganar ba.

Akwai waɗanda har yanzu in na gaishe su sai su kau da kai. Ban ga laifinku ba, damina guda kuka yi sujada ruwa na zuba muku saboda ni. Ba na roƙon a mayar mini da ma'aji, na ma gaya wa dattawa kada a yi. Saura kashi ɗaya cikin biyar na bashin, zan kammala bayan girbin bana in Ubangiji ya yarda. Kwano ya iso, kafinta zai fara ranar Asabar da safe, ana neman matasa masu miƙa katako. Ni ma ina nan tun ƙarfe shida.